Wai a ina ake ganin yadda ɗan majalisarmu ya jefa ƙuri'a a Abuja?

Dan_Kwarbai: Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni, kuma ba faɗa na zo nema ba kar 'yan jam'iyya su taso min. Tun 2011 Iyan Zazzau, Tajudeen Abbas, yake wakiltar Zariya a majalisar wakilai, zango na huɗu kenan, yanzu ma shi ne kakaki. A ina mutum zai je ya ga yadda ya jefa ƙuri'a a kan manyan dokoki? Wato ranar kaza an kawo doka kaza, Tajudeen Abbas ya ce eh ko ya ce a'a. Ba hoton rabon taki nake nema ba, ba fosta ba, wannan duk muna gani a Facebook. Ƙuri'ar nake nema tunda ita muka tura shi ya je ya jefa a madadinmu.

MaiShayi_KofarDoka: Wa alaikumus salam. Tab, yau akwai kallo a gidan nan, bari in ɗora ruwa

Sai_Iya_2027: Kai Dan_Kwarbai mun san inda ka dosa. Mutumin da a majalisa ta tara kaɗai, 2019 zuwa 2023, ya kai ƙudiri 74 aka sa wa 21 hannu suka zama doka, shi ne za ka zo kana tambayar me ya yi? Je ka bincika ko akwai wanda ya kama ƙafarsa a wancan zangon. Ranar 13 ga Yuni 2023 mutum 359 suka yi zaɓen kakaki ya samu 353, Wase uku Jaji uku. Abokan aikinsa da suke zama da shi kullum su suka san darajarsa ba ku 'yan zaman majalisar bakin titi ba.

Dan_Kwarbai: Malam ban ce bai yi komai ba, sake karanta abin da na rubuta. Ƙudirin da ya kai daban, ƙuri'ar da ya jefa a kan na wasu daban.

Lauyan_Kongo: Dan_Kwarbai tambayarka tana da kyau amma amsar ba za ta maka daɗi ba. Abin da kake nema kusan babu shi, ba don Iya kaɗai ba, duk su 360 ɗin haka ne, har da sanatoci 109. Yawancin abin da majalisa take zartarwa da murya ake yi. Mai jagorantar zama ya ce masu goyon baya su ce aye, a yi ihu, masu adawa su ce nay, a yi ihu, sai shi ya auna da kunnensa wanne ya fi ƙara ya buga guduma, shikenan an wuce. Ba a rubuta sunan kowa. Littafin da ake rubuta maganganun zama, Hansad, zai nuna maka wanda ya tashi ya yi magana da abin da ya ce, takardar da suke amincewa da ita kowace safiya ta zaman da ya gabata za ta nuna maka an amince da abu kaza, amma wa ya ce eh wa ya ce a'a wa ya yi gum yana danna waya, babu.
Sannan akwai na biyu da ya shafi Iya shi kaɗai. Sashe na 56 na kundin tsarin mulki ya ce wanda yake jagorantar zama ba ya jefa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki. To tun 2023 duk ranar da yake kan kujerar nan, Zariya ba ta da ƙuri'a a zauren, guduma gare ta.

Yar_Gyallesu: Ikon Allah. Wato yanzu Yaya Lauya kana nufin mun zaɓi wakili amma ba ya zaɓe?

Lauyan_Kongo: Ƙanwata gudumar ta fi ƙuri'a ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. Shi yake da babbar murya a kan abin da zai shiga jadawalin zama, shi yake nuna wanda zai yi magana, shi ya naɗa shugabannin kwamitoci, 134 ya sanar a Yulin 2023, kuma kunnensa ne yake yanke wace murya ta rinjaya. In za ki auna shi to a nan za ki auna shi.

Baba_Na_Kaura: Yara ku bar ni in tsoma baki. Abin nan na ihu kamar karatun makarantar allo ne da yamma, kowa ya ɗaga murya, in kana waje ka ce duk sun iya, sai ranar da malam ya ce kowa ya biya nasa shi kaɗai. Mu mun ga ranar biyawar. 2006 lokacin tazarcen Obasanjo, Ken Nnamani yana shugaban majalisar dattawa ya bari AIT ta haska muhawarar kai tsaye, kowane sanata ya tashi da sunansa da fuskarsa ya faɗi inda yake, mutanen garinsu suna kallo. Waɗanda aka yi ta cewa an gama da su a ɓoye, da kyamara ta juyo kansu sai harshe ya canza. Ranar 16 ga Mayu aka binne maganar. Ni a shagon wani mai gyaran rediyo na kalla a Tudun Wada, mun cika har bakin kwata. Da a ɓoye aka yi muhawarar wlh da tuni wani labarin ake.

Bakano_a_PZ: Baba Allah ya ƙara girma. Amma ku Zage-zagi in kuna neman yadda ake riƙe guduma ku zo Kano a koya muku hhhh. Marigayi Ghali Na'Abba, zamaninsa ne Obasanjo ya ƙi sa hannu a dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, a 2000 majalisa ta tsallake shi da biyu bisa uku ta zama doka, 2002 kuma har barazanar tsige shi suka yi. Wannan shi ne kakaki. Yanzu ku faɗa min doka ɗaya da majalisa ta goma ta tsallake shugaban ƙasa a kanta

MaiShayi_KofarDoka: Bakano kai da ka zo ci-rani garinmu har ka samu bakin magana, biya bashin shayin da ake binka tukuna

Sai_Iya_2027: To Ghalin da kuke yabo me ya kai wa Kano Municipal? Faɗa da shugaban ƙasa ya yi ta yi, 2003 ko komawa bai yi ba. Mu ba ma son jarumtar da za ta bar mu hannu rabbana. Iya ya zaɓi zaman lafiya da ɓangaren zartarwa kuma ga shi muna gani a ƙasa, FCE ta zama jami'a, ga tituna cikin birni, ga sola, ga yara ana biya musu kuɗin makaranta. Mai son rigima ya je ya zaɓi ɗan dambe.

Malamin_Firamare: Ni dai ina tare da Sai_Iya a rabi. Gsky duk wanda ya san cikin birni shekara goma da suka wuce ya san an samu canji, wanda ya ce ba a yi aiki ba son zuciya ne. Amma rabin da ban yarda ba, titi da fitila ai asalinsu aikin gwamna ne da ciyaman. Mun saba da yunwa ne har muka mayar da ɗan majalisa ɗan kwangila, shi kuma aikin da aka rubuta masa, yin doka da sa ido a kan yadda ma'aikatu suke kashe kuɗi, babu mai tambayarsa. Ni albashina dokar mafi ƙarancin albashi ta dubu 70 da suka zartar a Yulin 2024 ta fi shafarsa a kan kowace fitila, harajin da za a cire min ma a can ake yanke shi.

Maman_Ilham: Malam ka yi magana amma ku maza kuna da lokacin wannan lissafin. Mu mata a unguwa abin da muka sani wa ya kawo ruwa wa ya kawo keken ɗinki. Wani onarabul da aka taɓa yi, ba zan kama suna ba kuma ba wanda ake magana a kansa ba ne, ya zo ya tara mu a ƙofar gidan mai unguwa aka karɓi sunaye da hotuna har da lambar asusu wai jari za a ba mu, muka wuni a rana da goyo, har yau shiru kake ji. To wanda ya cika alkawari ko kaɗan ne dole mu riƙe shi, ko da ihu yake zaɓe ko da tafi.

Yar_Gyallesu: Anti Maman_Ilham Allah ya huci zuciyarki, amma abin ya shafe mu fa. Ranar 1 ga Maris 2022 da suka yi zaɓen gyaran tsarin mulki, ƙudirori biyar na mata duk suka kayar da su, har da na ware wa mata kujeru a majalisa, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Ni ba ma cewa nake dole a goyi bayansu ba, akwai waɗanda ni kaina ina da ja a kansu ta fuskar addini da al'ada. Amma ranar da na'ura suka yi zaɓe ba da ihu ba, Iya kuma lokacin ba kakaki ba ne, Gbajabiamila ne a kujera, yana da ƙuri'arsa. Me ya danna? 'Yan Kaduna 16 me suka danna? Ai na'ura ta san amsa.

Lauyan_Kongo: Daidai ne, gyaran tsarin mulki dole a ƙirga saboda sashe na 9 yana buƙatar biyu bisa uku na duka 'yan majalisa, shi ya sa ake kunna na'urar. Wato kayan aikin suna nan a zauren, a gaban kujerunsu. Ba rashin na'ura ba ne ya hana a riƙa yi kullum.

Injiniya_Samaru: Tunda an zo nan bari in kawo wadda ta fi ci min rai, dokar ta-ɓacin Ribas. 18 ga Maris 2025 Tinubu ya dakatar da Gwamna Fubara da mataimakiyarsa da majalisar jihar wata shida. Sashe na 305 ya ce sai biyu bisa uku na DUKA 'yan kowace majalisa sun amince, wato 240 a wakilai 73 a dattawa. Ranar 20 ga wata aka kawo, Iya ne a kujera, aka ce mutum 243 sun sa hannu a rajista, sai aka yi da murya aka buga guduma. Dan Allah jama'a wane kunne ne yake ƙirga 240? Sa hannu a rajista yana nufin ka shigo ne, ba ya nufin ka yarda. Ni ba ruwana da Fubara ba ruwana da Wike, ban taɓa zuwa Fatakwal ba, amma abin da aka yi wa Ribas da ihu gobe ana iya yi wa Kaduna da ihu. Dan_Kwarbai in kana neman tarihin ƙuri'ar Iya to ga shi nan, ranar da ya kamata a ƙirga bai sa an ƙirga ba.

Sai_Iya_2027: Akpabio ma haka ya yi a dattawa me ya sa ba ka kama sunansa ba

Injiniya_Samaru: Saboda ba ni na zaɓi Akpabio ba, mutanen Akwa Ibom su tambaye shi.

Sabongari_Boy: Injiniya kai da kake Samaru ai ba a mazaɓar Iya kake ba ma, Sabon Gari kake, naka wakilin Sadiq Ango Abdullahi ne hhhh. Wannan ma wata matsalar ce, rabin masu zagi da yabo a gidan nan ba su san wa ke wakiltarsu ba. Daga Kwangila zuwa Samaru zuwa Basawa duk Sabon Gari ne. Namu shi ne wanda harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 ya rutsa da shi, ya ci fidda gwani na PDP yana hannun 'yan bindiga, ya fito ya ci zaɓe a 2023. Shi yana da ƙuri'a tunda ba kakaki ba ne, amma shi ma in ka ce in nuna maka me ya ce ranar Ribas ba inda zan nuna maka, cikin ihun ya narke.

Injiniya_Samaru: A Samaru nake aiki, katina na Tukur-Tukur ne, can nake zaɓe tun 2011. Ka huta.

Dalibi_a_Ingila: Slm. Ina bin zancen tun ɗazu. A nan in an yi ihun wani ɓangare bai yarda ba sai a kaɗa ƙararrawa, 'yan majalisa su bi ta ɗaki biyu, na eh da na a'a, a ɗauki sunan kowa, kafin dare yana intanet. Ka sa lambar unguwarku a shafi ya fito maka da wakilinka da duk yadda ya yi zaɓe shekara da shekaru. A Amurka kati suke sakawa sunan kowa ya fito a allo. Kuma kar a ce abin Turawa ne, dokokin majalisarmu ma sun yarda ɗan majalisa ya ƙalubalanci hukuncin mai guduma ya nemi a ƙirga.

MaiShayi_KofarDoka: Ɗalibi a turo mana fam tukuna sai mu ji wa'azin da kyau

Lauyan_Kongo: Ɗalibi ya yi gaskiya kuma an taɓa yi kwanan nan. 15 ga Yuli 2021 a kan tura sakamakon zaɓe ta na'ura, Abaribe yana shugaban marasa rinjaye ya tsaya kai da fata sai an ƙirga, shugaban majalisar dattawa Ahmad Lawan ya yarda, aka riƙa kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi nasa. 52 suka ce sai hukumar sadarwa NCC ta amince tukuna, 28 suka ce a bar wa INEC, wasu 28 ba su nan. Washegari jaridu suka buga sunaye jiha jiha, aka yi ta kiran sanatoci a waya ana sauke musu kwandon magana, masu cewa ba sabis a ƙauyensu aka riƙa tura musu hoto daga ƙauyen. Zuwa Oktoba majalisar dattawa ta janye matsayinta. A majalisar wakilai kuwa mataimakin kakaki Wase ne yake jagorantar zaman, aka nemi a ƙirga bai bayar ba, har 'yan adawa suka fice daga zauren. To kun ga dalilin da ya sa ba sa so. Suna a takarda yana da tsada.

Manomi_Wuciciri: Ni duk wannan turancin bai dame ni ba, taki nawa ne buhu yanzu? Masara ta faɗi taki ya hau, wanda ya noma bana da bashi kuka yake. In akwai dokar da za su yi a kan wannan su yi ko da ihu ko da guɗa. Mu a nan karkara sai lokacin zaɓe ake tuna Wuciciri da Dutsen Abba da Dambo suna cikin Zariya.

Malamin_Firamare: Kawu Manomi ai maganar ɗaya ce. Kasafin kuɗin noma su suke zartar da shi, kwamitinsu ne ya kamata ya kira minista ya tambaye shi ina takin da aka ware wa kuɗi ya shiga, sashe na 88 ya ba su wannan ikon. In ba ka san wa ya yi magana wa ya yi barci ba ranar, wa za ka kama?

Dan_Kwarbai: Na gode jama'a, na ƙaru musamman da Lauya da Baba. To tunda ƙuri'a babu, mu koma kan ƙudirorin da suke ɗauke da sunansa tunda su ba a iya ɓoye su. Sai_Iya ya kawo 74. Ni kuma ina tuna guda biyu da ya kai yana kakaki. Na farko wanda aka yi ta surutu a Agustan 2024, daidai lokacin da muke fitowa daga dokar hana fita ta zanga-zangar tsadar rayuwa, wanda a ciki aka ce wanda ya ƙi rera taken ƙasa tarar miliyan 5 ko ɗaurin shekara 10. Taken da su kansu suka canza a Mayun shekarar cikin 'yan kwanaki, wanda har yau rabinmu ba mu haddace ba. Na biyu na Mayun 2025, tilasta wa kowa yin zaɓe, wanda bai yi ba tarar dubu 100 ko wata shida a gidan yari, har ya wuce karatu na biyu. Duka biyun ya janye su da mutane suka yi caa. Tambayata, wa aka tuntuɓa a Zariya kafin a kai su? An taɓa tara mu a Babban Dodo ko wani wuri aka ce ga abin da zan kai da sunanku?

Sai_Iya_2027: Ka faɗa da bakinka, YA JANYE. Shugaban da yake jin koken jama'a kenan. Wasu da sun yi kunnen uwar shegu sun tura abinsu ta ƙarfi. Kuma maganar tilasta zaɓe ba hauka ba ce, 2023 kashi 27 cikin ɗari kacal suka fito zaɓen shugaban ƙasa, Ostireliya tilas ne zaɓe a can kuma ba wanda ya ce musu azzalumai.

Yar_Gyallesu: Janyewa abin yabo ne ban musa ba. Amma ka lura duk biyun da aka janye akwai SUNA a jikinsu, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wanda aka yi da ihu wa ka taɓa ji ya janye?

Baba_Na_Kaura: Yarinyar nan Allah ya yi miki albarka.

Hafiz_Limanci: Ni zan yi wa Iya adalci a kan dokokin haraji. Lokacin da Tinubu ya aiko da guda huɗun nan a Oktoban 2024, gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna suka ce ba su yarda da tsarin rabon VAT ba, Zulum ya yi ta magana a BBC Hausa, malamai suka hau mumbari a kan batun gado, gari ya ɗau zafi. Majalisar wakilai ba ta yi gaggawa ba, ta ɗage muhawarar, aka yi zaman jin ra'ayin jama'a, sai Maris 2025 suka zartar, aka sa hannu 26 ga Yuni. VAT da aka so a ƙara ya tsaya a 7.5, kason da za a raba bisa inda aka samo kuɗin da aka so ya zama 60 ya dawo 30, mai samun dubu 800 zuwa ƙasa a shekara ba zai biya harajin albashi ba. Wannan aikin kakaki ne, a bayan fage ake yinsa kuma ba zai taɓa fitowa a wata takardar ƙuri'a ba. Da wani mai zafin kai ne a kujerar ko dai ya tura yadda aka kawo ko ya watsar gaba ɗaya.

Injiniya_Samaru: Hafiz wannan gwamnoni ne suka sasanta a tsakaninsu suka kawo tsarin rabon VAT na kashi 50, 30, 20, majalisa ta ɗauka. Kuma ko a nan ɗin, 'yan majalisar Arewa nawa muka ji a rediyo suna rantsuwa ba za su bari ta wuce ba? Ranar da ta wuce ina suke? Kowa zai dawo gida ya ce ai ni nay na ce ba a ji ni ba ne, kuma ba ka da hujjar ƙaryata shi.

Bakano_a_PZ: Ku bar batun ƙuri'a ku tambayi kuɗi. Shehu Sani naku na Kaduna shi ya fasa ƙwai a 2018 ya ce miliyan 13.5 sanata yake karɓa duk wata na gudanar da ofis, Kawu Sumaila namu ya ce 21 a 2024. Sanata Ningi ya yi magana a kan kasafi aka dakatar da shi wata uku. Ga motocin da suka saya a 2023 ana tsakiyar kukan cire tallafi

Sai_Iya_2027: Duk sanatoci ka lissafo. Majalisar wakilai ƙarƙashin Iya ce ta yanke rabin albashinta wata shida a Yulin 2024 saboda halin da ake ciki, wannan ba za ku faɗa ba

Bakano_a_PZ: Rabin dubu 600 ba rabin alawus ba malam hhhh

Admin: Jama'a a kiyaye harshe, na goge saƙo biyu. Wanda ya sake zagin iyayen wani zan cire shi ko waye. Kuma masu turo tallan data da atamfa a tsakiyar muhawara dan Allah ku bari sai dare.

Maman_Ilham: Admin atamfar tawa ce kuma ba zan fasa ba. Amma tambaya, in mutum bai gamsu da wakilinsa ba dole sai ya jira shekara huɗu?

Lauyan_Kongo: Hajiya akwai kiranye a sashe na 69, amma sai fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Dino Melaye a 2018 abin ya ruguje wurin tantancewa, an gwada a kan Sanata Natasha a 2025 INEC ta ce sa hannun bai kai ba. Ba a taɓa yi wa ɗan majalisar tarayya an yi nasara ba. Abin da ya fi sauƙi, ana haska zamansu kai tsaye a YouTube Talata zuwa Alhamis, ƙungiyoyin sa ido irin su PLAC da OrderPaper suna bin ƙudirori da sunan wanda ya kai da inda suka tsaya, Tracka kuma tana bin ayyukan mazaɓu. Sannan dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa dama ya rubuta wa akawun majalisa ya nemi takarda, kwana 7 doka ta ba su su amsa. Dan_Kwarbai in da gaske kake, sakamakon na'urar 1 ga Maris 2022 da Yar_Gyallesu ta ambata shi ne abin da za a nema, sunan 'yan Kaduna da abin da kowa ya danna, da rajistar halarta ta ranar Ribas.

Dan_Kwarbai: Da gaske nake. In ka rubuta zan sa hannu, kuma a ƙara da roƙo ɗaya zuwa ga shi Iya kansa, tunda gudumar tana hannun ɗan Zariya, ya sa a riƙa kunna na'urar nan a kan duk babbar doka, kasafi, bashi, haraji, ta-ɓaci, a buga sunaye. Ba sai an gyara tsarin mulki ba, dokar zaman majalisa ce kawai.

Hafiz_Limanci: Ku yi a hankali da abin da kuke roƙo. Ranar da aka fara buga sunaye, gwamna da uwar jam'iyya da fadar shugaban ƙasa su za su riga ku karantawa. Yanzu ɗan majalisa yana iya ɓuya cikin hayaniya ya ƙi abin da aka umarce shi, in an buga suna tikitinsa ne zai tafi, tunda ba ku kuke ba da tikiti ba jam'iyya ce.

Injiniya_Samaru: Gwamna ai ya riga ya sani Hafiz, yana da masu kai masa rahoto a cikin zauren. Mu kaɗai ne ba mu sani ba.

Sai_Iya_2027: Ni ba zan sa hannu a takardar da 'yan adawa za su ɗauka su yi kamfe da ita ba. In kuna da magana ku bi ta ofishin mazaɓa cikin mutunci, Iya basarake ne ba a yi masa tsawa a intanet.

Yar_Gyallesu: Ba wanda ya yi tsawa Yaya. Ni a sa sunana, amma a rubuta da Hausa ma ba turanci kaɗai ba don su Anti su san me suka sa wa hannu

Sabongari_Boy: In za a yi a haɗa da namu na Sabon Gari da sanatan shiyya, Khalid, kar a ce mutum ɗaya aka sa wa ido

Manomi_Wuciciri: A sa maganar taki a ciki ko ba ruwana

Lauyan_Kongo: Kawu taki takarda daban ce, in aka cusa komai a guda ɗaya za su amsa mai sauƙin su bar sauran. Zan rubuta bayan isha'i in turo nan kowa ya gyara. Amma wa zai kai Abuja ya karɓo shaidar an karɓa, don in ta waya aka tura cewa za a yi ba a gani ba

Bakano_a_PZ: Ina da lodi zuwa Abuja ranar Laraba amma sai an biya min kuɗin mai daga Zuba zuwa cikin gari, ku Zage-zagi ba a yi muku aikin Allah